Yadda Delmar Ya Koyi Yaren Dila

Delmar Tackett bai taɓa kashe dila ba, amma hakan bai hana shi zama babban masanin dila a gundumarmu ba. Ilimin ya sauko masa ne a hunturu ɗaya, daga mujallu uku da wani faifan bidiyo da ya sayo a kasuwar bindigogi. Kafin nan ya yi sanin kiwon jimina, ya yi sanin neman ruwan ƙarƙashin ƙasa da sanda mai reshe biyu, ya kuma ɗan taɓa sayar da inshora. Duk sana'o'in nan sun rabu da shi ba tare da sun yi kewarsa ba. A ƙarshensu ne ya tsinci kansa, yana da shekara hamsin da biyu, a ɗakin ma'aikata da ke bayan gidan yayarsa Nadine, yana cin abincinta sau uku a rana, yana saka mata da shawara.

Nadine na da tumaki ɗari takwas a gandun da mijinta ya rasu ya bar mata, arewa da garinmu Tolman, a nan Wyoming. Duk shekara idan ƙanƙara ta fara narkewa, kafin tumakin su soma haihuwa, takan kira Baba Harlan ya zo ya rage mata kayoti, dilolin nan namu da ba su da abincin da suke so kamar ɗan tunkiya ɗan kwana ɗaya. Baba Harlan tsoho ne mai shekara saba'in da bakwai. Kayan aikinsa usur ne na katako, da ƙahon saniya, da bindigar da ta girmi yawancinmu. Yakan zauna a gindin tazargade, ya ɗan yi kukan zomon da aka kama, sannan ya yi shiru. Dila ya taho neman ɓagas, bindiga ta yi magana sau ɗaya. In ka tambaye shi yadda yake yi, sai ya ce, "Zama nake yi."

Wata safiyar Laraba muna shagon Opal, inda dattawan gari ke shan gahawa suna gyara gwamnati, sai ga Delmar ya shigo cikin kaya masu launin ciyawa tun daga hula har takalmi, da usur biyar rataye a wuyansa kamar layu.

"Barkanku da safiya," in ji shi.

Opal ta leƙo ta saman tabarau. "Wa ke magana? Ni dai ban ga kowa ba, sai wani kurmi da ya shigo da ƙafarsa."

"Ki yi ta tsiyarki, Opal. Kin dai shaida kayan suna aiki." Ya ja kujera kusa da Baba Harlan, ya dafa kafaɗarsa. "Baba, bana ka huta. Na ɗauke maka gandun Yaya."

"Ka ɗauke?"

"Na ɗauke. Ba don raini ba, amma zamani ya wuce usur ɗaya da tsohon ƙaho. Kai kiran dila kake yi. Ni hira zan yi da shi. Abin ya koma kimiyya yanzu."

"Nadine ce ta aiko ka?"

"Haba Baba, ni da Yaya ai bakinmu ɗaya."

Baba Harlan ya shanye gahawarsa, ya ajiye kofin a hankali, ya sa hularsa. A ranar ya karɓi aikin kwana goma a wani gandu da ke ƙetaren kogi, tafiyar awa uku daga nan. Shi ba mutum ba ne da ake sallama sau biyu.

Kafin tsakar rana labari ya iske Nadine a kantin abincin dabbobi. Ta shigo shagon ta tarar da ƙanenta a kan farantin fanke na biyu, yana yi mana bayanin yadda kunnen dila ke juyawa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ni na ce ka sallami Baba Harlan?"

"Ba ki ce ba. Amma da kin karanta abin da na karanta..."

"Kwana goma sha biyu suka rage tumakina su fara haihuwa. Bara, da Baba Harlan ɗin ma, 'ya'ya talatin na rasa." Ta ɗauke farantin daga gabansa ta miƙa wa Opal. "Ranar Asabar ta sama ka kawo mini wutsiyar dila ɗaya. Ba ta kanti ba, ba kuma wadda mota ta take a titi ba. In babu, ka tattara mujallunka ka bar mini ɗakina. Buhunan dusa zan zuba a ciki. Su ko ba komai ba sa ba ni shawara."

"Ɗaya?" Delmar ya yi dariya, ya waiwayo gare mu don mu taya shi. Ba wanda ya samu sukuni. "Yaya, ɗaya ai cin fuska ne. Ki dai tanadi igiyar shanya."

"Ɗaya," ta ce, ta fita.

Opal ta goge teburin da ke gabansa. "To, Sarkin Baka, a ƙaro fanke ko sai an dawo daga daji?"

Tun daga ranar sunan ya bi shi, ko da yake akwai masu ganin Sarkin Baki aka so a ce.

Washegari ya yi fitar farko. Mujalla ta ce dila da hanci yake gani, don haka maharbi ya ɗiga fitsarin dila a takalminsa don ya ɓoye warin jikinsa. Ana sayar da shi a 'yar kwalba. Delmar ya yi tunani, ya ga cewa in ɗigo biyu na da amfani, to kwalba guda ta fi, sai ya zazzage ta tun daga wuyan rigar sanyinsa. Daga nan ya hau tudu ya ba iska baya, bisa wata hikima da shi ya ƙirƙiro: iska za ta kai sautin nesa. Ya sa usur a baki, ya hura awa biyu ba numfasawa.

Lyman, maƙwabcin Nadine mai kiwon shanu, yana gyaran shingen waya a lokacin, shi ya kawo mana rahoto.

"Tun ina ƙarami nake jin zomo na mutuwa," in ji shi. "Minti ɗaya ne, in ya yi taurin rai biyu. Wannan zomon kuwa ya fi kakata jan lokaci, ita da ta yi mako guda tana ban kwana."

Kiran bai tafi a banza ba. Hankaki goma sha ɗaya sun zo. Mai kai wasiƙu ma ya tsaya a bakin hanya ya buɗe gaban motarsa, don ya ɗauka bel ɗin injinsa ne ke kuka.

Da Delmar ya iso shago, Opal ta tare shi tun daga ƙofa, ta toshe hanci da gefen rigarta.

"Tsaya nan, Sarkin Baka. A'a, ƙara ja baya. Wuce famfon mai. Yawwa. Ta taga zan miƙo maka. Dila nawa?"

"Yau ai gabatarwa ce," ya ɗaga murya daga nesa. "Na dai sanar da su zuwana."

"Sun sani," in ji Lyman. "Ni ma da nake mil guda na sani. Iskar ta kai musu busa, ta kai musu mai busar."

"Ka yi ta surutu. Har ɗaya ya hau dutse ya amsa mini."

"Me ya ce?"

"Ina kan nazari."

Ranar Litinin na'ura ta iso ta gidan waya: akwati mai lasifika, da muryoyin dabbobi ɗari biyu a cikinsa, da ɗan rimot na latsawa daga nesa. Ya gwada mana ita a ƙofar shago, karnukan gari suka yi rabin awa suna tattaunawa a kanta. Ya ce kuskurensa na farko shi ne rowa. Me zomo zai yi wa dila mai iyali? Babban maharbi babban abinci yake tallatawa. Don haka ya zaɓi kukan ɗan maraƙin da ake yi wa kisan gilla, ya kai akwatin ya girke a gindin shingen Lyman, inda shanu arba'in suka haihu a makon da ya wuce.

Saniya mai jego ba ta karanta mujalla. Da kukan ya tashi, arba'in ɗin suka ɗaga kai lokaci guda, kowacce ta tabbata nata ne. Suka bi ta kan shingen waya kamar zare ne. Delmar ya yar da bindiga, ya nuna wata irin baiwar gudu da ba a san shi da ita ba, ya ɗare hasumiyar famfon iska har ƙololuwa.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Amma rimot ɗin yana aljihunsa na baya, shi kuma a kan ƙarfe yake zaune. Duk sa'ad da shanun suka huce suka fara watsewa, sai ya gyara zama, sai akwatin ya sake sabon kuka. Ya yi ɗan alade. Ya yi mujiya. Ya dawo ɗan maraƙi, shanun suka dawo. Haka aka yi ta yi har wata jar saniya ta gaji da jita-jita, ta ɗora ƙafa a kan akwatin, ya yi shiru a tsakiyar kukan talo-talo.

Bayan awa uku Lyman ya iso a kan doki, ya tura hularsa baya, ya ɗaga kai.

"Sarkin Baka, barka da hutawa. Me ake gani daga sama?"

"Leƙen ƙasa nake yi. Ka janye dabbobinka, suna ɓata mini aiki."

"Su ma ƙarar da suka kawo mini ke nan a kanka."

"Ka dai shaida na'urar ta yi aiki. Ta yi kira, an amsa."

"An amsa ƙwarai. Ban taɓa ganin kiran da ya karɓu haka ba. Saura ka sa ta kira abin da ba shi da ƙaho. In ka gama leƙen, akwai guduma da ƙusa a jakata, shingen na jiranka."

Da yamma Nadine ta ajiye masa abinci a bakin ƙofar ɗakin. Ba ta yi faɗa ba. "Saura biyar," kawai ta ce.

Mutuwar na'urar ta zo daidai da wata sabuwar fahimta da Delmar ya samu, cewa na'ura aikin 'yan koyo ce, shi dama can bai taɓa yarda da ita ba. Gwani da ƙaho yake aiki. Ya sayo ƙaho. Ya bayyana mana cewa akwai kukan da baƙon namijin dila ke yi in ya shigo ƙasar wani, mai ƙasar kuwa dole ya fito faɗa. Abin da ya rage shi ne a yi kukan a inda zai fi ɓata wa mai ƙasar rai, wato a tsakiyar garken tumaki. Ranar Laraba da sassafe ya sa rigar sanyin nan tasa, wadda wanki biyu bai canja mata ra'ayi ba, ya shiga garken da rarrafe.

Ya manta da Sanata. Sanata jaki ne da Nadine ke bari cikin tumaki don gadi, saboda jaki ba ya ƙaunar duk wani abu mai kama da kare. An sa masa sunan ne don yana da ci, yana da murya, kuma sau ɗaya a shekara yake aiki. A bana ranar aikin ta faɗo Laraba.

A gaskiya ba za a zargi Sanata da gaggawar yanke hukunci ba. Ga abu yana warin dila, yana tafiya da ƙafa huɗu, yana kukan dila a tsakiyar tumakinsa. Shi ne halitta ta farko a gundumar nan da Delmar ya gamsar. Ya kwantar da kunnuwa, ya taho ba sallama, ya cafki Delmar ta inda wando ya fi faɗi, ya ja shi taku talatin a cikin taɓo, ya sake shi, ya juya ya ƙara masa da ƙafar baya don kada a ce ya yi rabin aiki.

Ranar Alhamis a tsaye Delmar ya ci fankensa.

"Ga kujera fa, Sarkin Baka," in ji Opal. "Har matashi na sa maka."

"Na fi son tsayuwa. Tana taimaka wa narkewar abinci."

"An ce Sanata ya ƙi cin ciyawa tun jiya," in ji Lyman. "Wai bakinsa ba daɗi."

Abin mamaki, Delmar murmushi yake yi. Ya bari muka gama dariya, ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Ku yi ta yi. Ni na gano abin da babu shi a mujalla. Duk ranar da na fita, akwai wani tsohon dila mai yagaggen kunne da ke hawa dutsen gabas, ya dube ni, ya yi mini magana. Kullum iri ɗaya. Haushi biyu gajeru, sannan kuka siriri mai karyewa a tsakiya. Ranar farko ya yi. Ina kan famfo ya yi. Jiya Sanata na ja na ya yi, har wasu biyu suka taya shi. To ku da kuke da wayo, me wannan ke nufi?"

"Dariya?" in ji Opal.

"Gaisuwa ce! Da ita suke tarbar nasu. Sun karɓe ni, ba ku gane ba? In na mayar musu da ita da yarensu, har gabana za su zo. Taku goma. Sai na ga launin idonsa kafin in harba. Ranar Asabar da hantsi kowa ya zo tudun Yaya ya gani. A gaya wa Baba Harlan ma, in ya dawo. Ba a tsufa da koyo."

Ba wanda ya musa masa, don ba wanda ya sani. Mu masu shanu ne da tumaki da tsofaffin ma'aikata, kukan dila duk ɗaya ne a kunnenmu, ma'anarsa asara. Mutum ɗaya da zai iya faɗa yana ƙetaren kogi.

Kwana biyu Delmar ya yi a ɗaki yana bita. Karen Nadine ya ƙaura ƙarƙashin mota. Dole a yi masa adalci a nan: ya iya kukan. Ya iya shi sosai. Shi ne abu na farko a rayuwarsa da ya koya daga tushe.

Ranar Asabar a-kori-kura ashirin da shida suka yi layi a bayan tudun. Opal ta rufe shago ta zo da gahawa a manyan fulas. Fasto ya zo, ya ce ziyarar marar lafiya ce ta biyo da shi ta nan, ko da yake ba wanda ke zaune a hanyar. Baba Harlan, da ya dawo jiya da yamma, ya zo da madubin hangen nesa. Shi ya jera mu a bayan duwatsu, ya ce duk mai tari ya koma mota. Nadine ta tsaya kusa da shi ta harɗe hannu.

Daga nan muna hangen Delmar can ƙasa a bakin kwari, shi da bindigarsa da ƙahonsa.

Abin da ya biyo baya ya ɗan girgiza imanina da cewa duniya na tafiya bisa cancanta. Rigar nan mai wari, Nadine ta ƙone ta ranar Juma'a, don haka ya fito da warin mutum ɗaya tak. Iska ta juya da kanta tana bugun fuskarsa. Saboda aikin Sanata ba ya iya zama balle mutsu-mutsu, sai ya kwanta rub da ciki bai motsa ba. Leɓensa kuma ya kumbura don bita, da ya sa usur ɗin zomo sai ya ɗan hura kaɗan, zafi ya sa ya bari. A taƙaice, ba da niyya ba, Delmar ya yi komai daidai.

Minti biyar ba a ji komai ba sai iska. Sai Baba Harlan ya ce a hankali, ba tare da ya sauke madubin ba, "Uku. Suna tahowa."

Muka gan su. Uku ne, suna saɓi-zarce cikin tazargade, mai yagaggen kunne a gaba. Taku ɗari huɗu. Ɗari uku.

"In ya yi shiru minti biyu," in ji Baba Harlan, "ya sami ɗakinsa."

"Allah Ya sa ya yi shiru," in ji Nadine. Ta sauke hannuwanta, ta dunƙule su.

"Kin taɓa gani?" Opal ta raɗa mata.

Ɗari biyu. A ɗari da hamsin babban ya tsaya a fili, ya ba da haƙarƙari, ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ko fasto, da bai taɓa riƙe bindiga ba, sai da ya lanƙwasa yatsa.

Delmar ya waiwayo ya dubi tudu don ya tabbata muna kallo. Ya ture bindigar gefe. Ya ɗauki ƙaho.

Haushi biyu gajeru. Sannan kuka siriri mai karyewa a tsakiya. Tsaf, ba tangarɗa.

Ban sani ba ko kun taɓa ganin dila ya juya a cikin fatarsa. Kafin kukan ya gama karyewa, ukun nan sun zama ƙura. Daga dutsen gabas wani ya ɗauki kukan, wani ya karɓa daga arewa, wani can nesa da ƙyar ake ji. Muka ga wutsiyoyi na haye tuddai ta ko'ina, har da guda bakwai da ba mu san suna kwarin ba. Cikin minti ɗaya, in ban da tumaki da Sanata, babu mai ƙafa huɗu tsakaninmu da sararin sama.

Delmar ya miƙe yana kaɗa hula. Ya hauro tudun yana ɗingishi, fuskarsa kamar ta ango.

"Kun ji? Kun ji yadda suka amsa? Sun tafi kiran dangi ne. A ba su minti goma."

Muka ba su arba'in. Gahawa ta ƙare. Fasto ya tuna da marar lafiyarsa amma bai tafi ba.

Daga ƙarshe Baba Harlan ya mayar da madubin cikin jaka, ya ce, "Delmar, wannan kukan, a ina ka koye shi?"

"Daga bakinsu, Baba. Ba a littafi ba. Kullum da shi suke tarbata."

"Na yarda."

"Ka ji ko? Ku shaida, Baba ya yarda."

"Dila na da kuka iri-iri," in ji tsohon, yana magana kamar mai karanta farashin hatsi. "Akwai na neman mace. Akwai na faɗa. Akwai na tara 'ya'ya. Wannan kuwa shi ne wanda yake yi in ya ga mutum. Ma'anarsa: ga wani can a ɓoye, kowa ya yi ta kansa."

Sai Opal ta ce, "Wato ƙarar kansa ya kai?"

"Da kyakkyawan lafazi kuwa. Shekara sittin ina kira, ban taɓa iya shi haka ba." Ya rataya jakar a kafaɗa. "Ban samu damar jin sa da yawa ba."

Lyman ne ya fara. Ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Daga nan tudun gaba ɗaya ya ɗauka, har tumaki suka ɗaga kai.

"Wataƙila a ƙetaren kogi haka yake nufi," in ji Delmar da ƙarfi. "Namu na nan karin harshensu daban ne."

"Haka ne," in ji Lyman daga ƙarƙashin hula. "A nan ma'anarsa: ga Delmar can."

Nadine kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta juya ga tsohon.

"Baba, a gaban mutane aka yi maka rashin kunya, a gabansu nake ba ka haƙuri. Gobe za ka fara?"

"Haƙuri na karɓa, 'yata. Aikin ne babu. Kwana goma yana ba su karatu. Duk dilan da ke kwarin nan yanzu ya san usur, ya san na'ura, ya san ƙaho. Sai kaka kafin wani ya sake amsa kira."

"Jibi tumakina za su fara."

"Na sani."

Dariyar ta mutu. Kowa a nan ya san yadda fili ke kasancewa da safe bayan dila ya bi ta kan sababbin haihuwa.

"Yaya," in ji Delmar, "akwai wata dabara a mujalla ta uku..."

"Rufe mini baki."

Ta daɗe tana kallon kwarin, wanda bai taɓa zama wayam haka ba tun da aka kawo ta gandun. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baba, in suka ji wannan kukan, kwana nawa suke yi ba su dawo ba?"

"Yini. Wani lokaci biyu."

"In ana yi musu kullum fa, safe da yamma?"

Baba Harlan ya sosa gemu. "Za su yarda da shi na ɗan lokaci. Mako uku, in an yi sa'a. Daga nan su gane baki ne kawai."

"Sun fi mu basira," in ji Lyman. "Mu shekara nawa muka yi?"

"Mako uku ya ishe ni," in ji Nadine. "Kafin nan 'ya'yan sun yi ƙafa." Ta nuna can ƙarshen fili, inda wani tsohon amalanken makiyaya, irin mai ɗan ɗaki a kai da rufin kwano, ke tsaye a karkace cikin ciyawa. "Auta, babu wutsiya, babu ɗaki. Ga gidanka can. Akwai gado, akwai murhu, rufin gefe ɗaya kawai yake yoyo. Gari na wayewa ka fito ka gaya musu kana nan. Rana na faɗuwa ka sake gaya musu. Bindigar ka bar ta a gida. Zan aiko da abinci."

"Da Sanata a filin?"

"Ai kun saba."

Delmar ya dubi amalanken, ya dubi jakin, wanda shi ma yake dubansa. Ya gyara hularsa, ya kakkaɓe taɓon gwiwa, ya juyo gare mu ya buɗe ƙirji.

"Kun dai ji da kunnenku," in ji shi. "An damƙa mini tsaron gandun gaba ɗaya. Abin da ba a taɓa ba Baba Harlan ba."

"Allah Ya taya riƙo, Sarkin Baka," in ji Opal, tana tattara kofuna.

Mutane suka fara gangarawa wajen motocinsu. Delmar ya ɗingisa ya cim ma yayarsa, ya rage murya yadda yake zaton ba ma ji.

"To Yaya, bayan mako ukun fa?"

Nadine ta buɗe ƙofar motarta, ta shiga, ta ta da inji.

"Amalanken da taya yake," ta ce.